Hukuncin aiki a gonar inabin da ake nomawa don giya

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni mutumin Damagaram ne, ina zaune a Faransa, ina aiki a wata tsohuwar gonar inabi a yankin Médoc kusa da Bordo. Gidan yana cikin manyan gidajen giya da aka jera darajarsu a 1855. Aikina duk a fili yake: datse rassa lokacin sanyi, ɗaure su a waya, feshi, sai tsinkar inabi a watan Satumba da Oktoba. Ba na shiga ɗakin gangunan giya, ban taɓa ɗanɗana ta ba. Inabin dai ba a kai shi kasuwa, duka matse shi ake yi. Wani ya ce mini Imamu Abu Hanifa ya halatta irin wannan. Da albashin nake ciyar da mahaifiyata da iyalina. Mene ne hukuncina?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Wanda yake tsakiyar gonar giya bai kai ta bakinsa ba, kuma zuciyarsa ta hana shi sakat har ya yi tambaya, akwai alheri a tare da shi.

Haramcin giya ba sai na kawo maka hujja ba. Noman inabi kuma halal ne, babu saɓani. Hukuncinka yana rataye ne a kan jimla ɗaya da ka faɗa kamar a wuce: ba a kai inabin kasuwa, duka matse shi ake yi. Gonakin Médoc irin su Cabernet Sauvignon da Merlot suke shukawa, ƙananan 'ya'ya masu kaurin ɓawo, an zaɓe su ne don launi da ɗanɗanon da ɓawon yake ba jan giya. Kai ka fi ni sanin cewa yawan idon da kake bari a reshe ranar datsa, da ganyen da kake cirewa don rana ta sami 'ya'yan, duk lissafin giyar da za a samu ne. Gidan da sunansa ya shiga jerin da aka yi da umarnin sarkin Faransa Napoleon na Uku a 1855 bai ɓoye wa kowa sana'arsa ba. Saboda haka wannan aiki bai halatta gare ka ba. A Mukhtasar, Shehu Khalil ya halatta Musulmi ya ba wanda ba Musulmi ba gonarsa ya kula da ita a raba amfani, bisa sharaɗin ba zai matse rabonsa ya yi giya ba. Idan an sa wannan sharaɗi a kan rabon wani, ina ga gonar da dukanta giya za ta zama?

Maganar da aka jingina wa Abu Hanifa kuwa, ba ƙarya aka yi masa ba. Ya halatta sayar da ruwan inabi ga mai yin giya, ya kuma halatta ladan Musulmin da ya ɗaukar wa wanda ba Musulmi ba giya. Dalilinsa shi ne saɓon ba a jikin ruwan yake ba, sai bayan ya canza, kuma tsakanin mai sayarwa da saɓon akwai wani mutum mai zaɓin kansa. Mai ɗauka ma, in ji shi, zai yiwu zubarwa za a je yi. Muna girmama Imami, amma ba mu bin sa a nan. Manyan almajiransa biyu, Abu Yusuf da Muhammadu ɗan Hasan, sun saɓa masa a kan ladan ɗaukar giya, sun kafa hujja da hadisin da aka la'anci mutum goma a kanta. Ka duba wanda aka ambata a cikinsu: mai matsewa. Me yake matsewa? Ruwan inabi ne mai zaƙi, wanda a wannan sa'ar yaro ma zai iya sha, bai tsima ba, bai bugar ba. Duk da haka la'ana ta hau kansa, don an san inda ruwan ya nufa. Wannan kaɗai ya rushe cewa sai abu ya canza laifi yake farawa. Batun "wataƙila zubarwa za a yi" kuma yana aiki ne inda akwai wataƙila. Kwandon da kake cikawa tarakta ce take ɗauka ta kai bakin injin matsa a ranar. Nasa'i ya ruwaito cewa wakilin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya rubuto masa cewa inabi ya yi yawa, yana tsoron asara, ko a matse? Sa'adu ya cire shi daga gonar, ya ce ba zai sake amince masa ba. Kuma kada wani ya ce maka ai ƙasar ba ta Musulunci ba ce. Malik da Shafi'i da Ahmad ba su ɗauke wa Musulmi haram don ya ƙetare iyaka ba.

Ban ce ka ajiye almakashi gobe da safe ka kwana a titi ba. Idan takardun zamanka ko ɗakin kwananka suna haɗe da wannan aiki, kana cikin larura gwargwadon lokacin da neman wani zai ci, da sharaɗin neman ya zama na gaske, daga yau. Ka ba su sanarwa yadda yarjejeniyarku ta tanada, kada ka gudu, kada ka yi ha'inci a ranakun da suka rage, amana amana ce ko ga wa. Hannunka kuma ba zai rasa aiki ba. A garin Moissac, nan cikin Faransa, ana noman inabin ci mai suna Chasselas, kuma datsa da ɗauri da tsinka duk ka iya. Wajen garin Agen akwai gonakin 'ya'yan itace masu neman mai iya datsa. Feshi ma zai yi maka amfani: shuɗin maganin nan na jan ƙarfe da farar ƙasa da kuke fesawa, shi ake fesa wa tumatir da dankali, amma ka riƙa rufe hanci da hannu, jikinka ma yana da haƙƙi a kanka.

Abin da ka karɓa kafin ka sani ya wuce, ka yi istigfari. Mahaifiyarka da iyalinka babu komai a kansu, kada ka tayar mata da hankali da labarin. Idan an ba ku kwalabe kyauta kada ka karɓa, don ba ka da ikon sayarwa ko ba maƙwabci. Walimar ƙarshen girbi inda ake zagayawa da giya, ka nemi uzuri cikin ladabi. Ka kuma kula da Azahar da La'asar a ranakun tsinka, na san aikin ba ya tsayawa, amma minti biyar a gefen kunya ya isa.

Idan ka samu sabon aiki kuma kana shakkar inda amfaninsa yake zuwa, ka tambayi mai gonar kafin ka sa hannu, sannan ka rubuto mini. Wallahu a'alam.