Maigidana ya samu aiki a Kabwe, in tafi da yarana?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Maigidana ya samu aiki a Kabwe ta ƙasar Zambiya, yana so mu koma can da yaranmu biyu, ƙaramin bai cika shekara biyu ba. Na ji ana zancen gubar dalma, amma ya ce an daɗe da rufe mahaƙar, kuma muddin yaro na shan madara ba abin da zai same shi. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Malama, kina da gaskiya. Kabwe, wadda a da ake kira Broken Hill, tana kimanin kilomita 140 arewa da Lusaka. An yi kusan shekara 90 ana haƙar dalma da tutiya a can kafin a rufe a 1994. Sai dai tsibin tarkacen da suke kira Black Mountain yana nan daram, iska na kai ƙurarsa unguwanni irin su Kasanda da Makululu da Chowa. Dalma ba ta ruɓewa a ƙasa.

Zancen madarar nan kuwa ya ishe ni. Kullum sai na ji shi, daga bakin 'yan haƙar zinare har masu narka tsohon batir. Mutum zai wuni cikin ƙura, fuska furu-furu, da yamma ya fasa gwangwanin madara ya kwankwaɗa, wai ya wanke ciki. Wanke me? Dalmar ta riga ta shiga jini, ta kama hanyar ƙashi da ƙwaƙwalwa. Abinci mai gina jiki yana ɗan rage yawan wadda hanji ke tsotsa, iyakarsa ke nan. Tafasa ruwa ma ba ya cire ta. Masu yawo da kwalabe suna tallar "maganin wanke jini" kuwa, kuɗinki kawai za su ci. Abin tsoron shi ne yaro na iya wasansa garau alhali gubar na taɓa masa ƙwaƙwalwa, sai an sa shi makaranta a ga karatu ya ƙi shiga. A Zamfara a 2010 yara sama da 400 suka rasu a yankunan Anka da Bukkuyum sakamakon gubar dalma.

In son samu ne, maigida ya fara tafiya shi kaɗai. In kuwa tafiyar ta zama dole, ku kama gida nesa da tsohuwar mahaƙar, a riƙa goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara, a bar takalma a waje, kada yara su yi wasa a turɓaya, a wanke musu hannu kafin cin abinci. A auna jininsu kafin ku tashi, a sake bayan 'yan watanni. Idan awon ya nuna dalmar ta kai maikurogiram 45 a kowane desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita) na jini, likita ne zai ba da maganin fitar da ita.