Hajiya, ki bar ta ta je Girka, amma a duba jadawalin tukuna

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara girma. Tun jiya da daddare na ga tambayarki, na bari sai na samu natsuwa, don amsar ba ta layi biyu ba ce. Kin ce 'yarki da ke karatu a Ingila sashensu ya shirya musu tafiyar mako guda zuwa Girka a watan Yuli, ganin kangaye da gidajen tarihi, kuma hankalinki bai kwanta ba. Ga kuɗi mai yawa, ga tunanin abin da za ta ci da inda za ta yi sallah, sannan kina tambaya mene ne amfanin a kwashi yara a kai su kallon gumaka.

Ni ma a Ingila na yi digirina na biyu, kuma a watan Mayun 2022 na yi irin wannan tafiyar, mu ashirin da uku da malamai biyu, kwana takwas. Shawarata ita ce ki bar ta ta je. Sai dai akwai waɗanda muka tafi tare, kuɗi ɗaya muka biya, suka dawo ba su tsira da komai ba sai hotuna da ciwon ƙafa. Shi ya sa nake so in yi miki bayani dalla-dalla.

Maganar gumaka ba zan ɓoye miki ba, akwai su birjik, da yawansu ma tsirara aka sassaƙa su, musamman na maza. Amma wuraren ba na bauta ba ne yanzu, Girkawan yau mafi yawansu Kiristoci ne 'yan ɗariƙar Otodoks. Ni dai da na tsaya a cikin kangayen nan, abin da ya riƙa faɗo min a rai shi ne umarnin da aka yi mana mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. Idan kina son fatawa a kai, ki tuntuɓi malamin da kika amince da shi.

Washegarin isarmu muka hau Akrofolis, wani tsauni a tsakiyar Atina, babban birnin Girka, wanda kusan duk inda ka tsaya a garin kana hango shi. A samansa ginin Fartenon yake. An sa harsashinsa a shekara ta 447 kafin haihuwar Annabi Isa alaihis salam, zamanin shugabansu Ferikilis, aka kammala shi a 432, da farin dutsen da aka riƙa janyowa daga wani tsauni mai nisan kimanin kilomita 16. Rabin 'yan ajinmu suna isa suka ɗau hoto, minti goma sha biyar sun gama, suka koma neman wurin zama. Mu da muka liƙe wa malamarmu muka ji abin da har yau bai bar raina ba. Ginin nan da farko ɗakin gunkiyarsu ne, daga baya Kiristoci suka mai da shi coci, da Turkawa suka ci garin a ƙarni na 15 suka mai da shi masallaci har da hasumiya. Wato a nan inda muke tsaye an taɓa kiran sallah. Kuma ba tsufa ne ya rushe shi ba. A 1687 sojojin Fenis ta Italiya suka yi wa garin ƙawanya, Turkawa sun adana albarushinsu a ciki, harsashin igwa ya faɗa kai, rufin da tsakiyar ginin suka tashi. Ginin da ya haura shekara dubu biyu a tsaye, lokaci guda ya zama kango. Wanda bai ji wannan ba, ginshiƙai kawai zai gani.

A gindin tsaunin akwai gidan tarihin Akrofolis, wanda aka buɗe a 2009. Tun daga ƙofa a kan gilashi kake tafiya, kana leƙen tsohuwar unguwar da aka tono a ƙarƙashin ƙafarka, da rijiyoyinta da magudanan ruwanta. Abin da ya tsayar da ni a ciki wasu mutum-mutumin mata ne da aka sassaƙa a madadin ginshiƙai, suna ɗauke da rufin wani gini a ka, kamar masu tallar nono. Kowace da irin kitsonta a baya, mai kauri, don wuyan ya iya ɗaukar nauyin. Su shida ne asali. Biyar ne a wurin, an jera su yadda suke a da, an bar gurbin ta shida fayau. Ita tana Landan, cikin kayan da Elgin, jakadan Ingila a fadar sarkin Turkawa, ya sa aka ɓalle aka kwashe tun daga 1801. A bene na sama kuma an jera sassaƙe-sassaƙen Fartenon, na asali sun yi ruwan zuma saboda tsufa, waɗanda ke Landan kuwa an cike gurbinsu da farin kwafi, da gangan, don kowa ya ga abin da babu.

Hajiya, da muka koma Ingila sai da na je na nemi ta shidan a babban gidan tarihin Birtaniya. Na same ta tsaye ita kaɗai. A cikin wannan ginin dai, na sauka ƙasa na tarar da kayan tagullar Benin da sojojin Ingila suka kwaso daga fadar Oba a 1897. Ban taɓa jin zafin maganar kayan Benin a jikina ba sai ranar, kuma Girka ce ta buɗe min ido. Ki ce wa 'yarki ta je ta ga waɗanda ke Landan kafin su tashi, shiga kyauta ne.

Wuri na biyu da ba na so ta yi wa gaggawa shi ne Agora, tsohuwar kasuwa kuma dandalin garin, inda masanin falsafa Sukurat ya riƙa tare mutane da tambayoyi har aka yanke masa hukuncin kisa a 399 kafin haihuwar Annabi Isa. Akwai ɗan gidan tarihi a wurin da mutane ke wucewa da sauri. A cikin wani akwatin gilashi za ta ga tsingaro, fasassun tukwane, kowanne an karce suna a jikinsa. Ƙuri'a ce. Idan mutanen Atina suka ga wani babba ya fara fin ƙarfin gari, kowa sai ya rubuta sunansa a tsingaro, wanda ya fi samun ƙuri'a a kore shi daga garin shekara goma. An taɓa tono kusan guda 190 a wata rijiya, duka da sunan mutum ɗaya, Temistokilis, wani babban jagoransu, da masana suka duba rubutun suka ga hannu 14 ne kacal ya rubuta su. Ana kyautata zaton an shirya su ne tun a gida don a rarraba wa jama'a. Mun daɗe muna muhawara a kan wannan a mota, mu 'yan Afirka musamman. Malamarmu ta kuma tuna mana cewa a dimokuraɗiyyar tasu mata ba sa ƙuri'a, bayi ba sa yi, baƙi ba sa yi.

Babban gidan tarihin ƙasar Girka da ke Atina kuwa yini guda ba ya isarsa, mu awa biyu aka ba mu. Ta zaɓi abu biyu ko uku tun kafin ta shiga. Kowa na rububin fuskar zinariyar da Schliemann, wani Bajamushe mai tonon kayan tarihi, ya tono a kufan tsohon birnin Mikene a 1876, amma ni na fi daɗewa gaban na'urar Antikitira, wasu tsatsattsun gutsattsarin tagulla da aka tsamo daga wani jirgin ruwa da ya nutse, a 1901. A ciki akwai ƙafafu masu haƙora kusan 30, irin na cikin agogo, da ake juyawa a lissafa tafiyar rana da wata da lokacin husufi, shekara fiye da dubu biyu da suka wuce. Idan ta samu sarari kuma ta leƙa kufan makarantar masanin falsafa Aristo, wanda aka gano a tsakiyar gari a 1996. Ba wani abin kallo sosai, harsashin gini ne kawai. Amma ilimin mantiƙi da malamanmu ke karantarwa a zaure daga wannan mutumin ya taso, ya bi ta hannun masu fassara na Bagadaza zamanin Abbasiyawa har ya iso mana da Larabci.

Inda tafiyarmu ta yi rauni shi ne ranar da aka fita da mu bayan gari. Kamfanin da ya shirya mana ya cusa wuri huɗu a yini ɗaya: mashigin ruwan Korinti, Mikene, Efidauros da garin Nafiliyo. Sauka, hoto, hau mota. Mikene, da ƙofarta mai zakuna biyu da duwatsun ganuwarta da kowanne ya kai girman ɗaki ƙarami, minti arba'in muka yi. Efidauros ce kaɗai na ce ban yarda a ja ni ba. Dandalin wasan kwaikwayo ne da aka sassaƙa a jikin tudu, layin kujeru 55, yana cin mutum wajen dubu goma sha huɗu. Na hau har layin ƙarshe ina haki. Ƙawata 'yar Zangon Kumasi ta tsaya a kan dutsen da ke tsakiyar fagen, na hango ta 'yar mitsitsiya, ta ce da muryarta ta kullum, ba ɗagawa, "Kina ji na?" Wallahi kamar a gefena take. Ta saki kwabo a ƙasa na ji ƙararsa. Raɗa ce dai da ta gwada ban ji sosai ba, ko da yake masu jagora na cewa ana ji. Delfi kuma, tafiyar awa biyu da rabi daga Atina, yini guda muka ba ta kuma ta cancanta. Can ne a da sarakuna ke zuwa neman duba wurin wata bokanya, a gefen tsauni, ga kwarin zaitun shimfiɗe har bakin teku.

To, abinci. Nan ne damuwarki take da tushe. Daren farko aka kai mu wani gidan abinci a unguwar Filaka, an riga an biya kuɗin kowa, aka jero farantan suflaki, wato tsirensu. Ƙamshi kamar kana bakin tukuba. Na tambayi mai kawo abincin, ya ce alade ne. Tun a makaranta mun cike takarda mun rubuta abin da ba ma ci, ba wanda ya isar da saƙon. Mu huɗu Musulmi burodi da salak muka ci muka kwanta. Don haka kada ta dogara da takarda, ta tambaya da bakinta kowane zama. Giros ɗinsu mai kama da shawarma shi ma galibi alade ne, na kaza kuma sau da yawa wuƙa ɗaya da wurin gashi ɗaya ake musu.

Kalma uku za ta haddace. Hirino shi ne alade, krasi giyar inabi ce da suke zubawa a wasu girke-girken, sai nistisimo. Wannan ta ukun ita ta cece mu. Kiristocinsu na yin azumin ƙaurace wa nama da madara da ƙwai kwanaki masu yawa a shekara, saboda haka sun ƙware a girkin da ba nama, kuma kowane mai abinci ya san kalmar. Ta ce nistisimo, sannan ta tambaya ko an sa krasi. Daga ranar ban sake kwana da yunwa ba. Akwai fasolada, romon farin wake da karas da man zaitun. Akwai gigantes, manyan wake da ake gasawa da tumatir. Ranar da aka kawo min bamiyes na buɗe na ga kuɓewa ce, dafaffiya sukutum ba a yanka ba, ba yauƙi ko kaɗan, sai da na kira mahaifiyata na nuna mata. Da safe ana sayar da kuluri a bakin titi, burodi zagayayye mai riɗi, da sifanakofita, alayyafo da cuku a cikin ɓawon fulawa. Lukumades kuwa fanke ne sak, sai dai zuma da kirfa ake zuba masa. Gasasshen kifi ma yana nan. Idan nama take so, wajen dandalin Omoniya akwai shagunan halal na 'yan Pakistan da Bangaladash da Larabawa, amma ta je da rana kuma da abokan tafiya.

Abu ɗaya da za ta kiyaye, bayan an gama cin abinci sukan kawo ɗan ƙaramin kofi kyauta, fari kamar ruwa. Giya ce, ta ce ta gode kawai. Ta tafi da yajinta, don girkinsu ba barkono. Kilishi da dambun nama kuwa ta bar su a ɗaki, dokar Tarayyar Turai ta hana shiga da nama daga waje, har da daga Ingila.

Sallah ba ta ba mu wahala ba, ƙasaru muka riƙa yi muna haɗawa, da 'yar darduma a jaka da gorar ruwa a madadin buta. Alƙibla kudu maso gabas take, magariba kuma a Yuli sai wajen tara saura. A dandalin Monastiraki za ta ga wani masallaci mai ƙubba da aka gina a 1759, amma ba a sallah a ciki, yana hannun hukumar gidajen tarihi. Wanda ake sallah a unguwar Botanikos yake, an buɗe shi a Nuwamban 2020. Da hijabina na yi yawona ba wanda ya ce min uffan, sai ɗan kallo a ƙananan garuruwa.

Yuli ne ya fi damuna. Kada ta ce ai ita 'yar Arewa ce ta saba da rana. A saman Akrofolis ba inuwa, farin dutse kuma yana maido da zafin a fuska, har a Yulin 2023 sai da hukuma ta riƙa rufe wurin da tsakar rana. Yanzu tikitin da lokaci ake yankarsa, su nemi na ƙarfe takwas na safe. Ta sa takalmi mai kama ƙasa, don duwatsun sun sha taku sun yi santsi, wata 'yar ajinmu ta zame ta gurɗe ƙafa tun rana ta biyu. Kada ta taɓa gini ko ta ɗau ko da tsakuwa, masu gadi na nan da usur kuma laifi ne babba. A jirgin ƙarƙashin ƙasa jakarta ta kasance a gaba, a nan aka zare wa wani ɗan ajinmu waya. Kuma in fasfonta na Najeriya ne ko Nijar, takardar zaman Ingila ba ta shigar da ita Girka, sai ta nemi bizar Shengen, ta shiga yawancin ƙasashen Turai, ta fara tun yanzu don layin bazara yana da tsawo.

Ki ce ta turo miki jadawalin, Hajiya. In kin ga an cusa wuri uku ko huɗu a yini ɗaya, ta haɗa kai da 'yan ajinsu su roƙi malamansu a rage, tun ba a biya kamfanin ba. In kin sa shi a nan zan duba in nuna miki ranakun da suka yi nauyi. Allah ya kai su lafiya ya dawo mana da su lafiya.