Auren wuri raguwa yake ko ƙaruwa, kuma me ke jawo shi?

Tambaya: Salam Anti, ni malamar firamare ce a wani ƙauye, bana kaɗai 'yan mata huɗu aka cire min daga aji shida aka aurar, babbarsu shekararta 14. Dan Allah wai mu kaɗai ke wannan abu a duniya? Kuma raguwa yake ko ƙaruwa, dan ni dai a nan ban ga alamar sauƙi ba.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya biya ki. Ba mu kaɗai ba ne wallahi. Alƙaluman UNICEF na 2023 sun nuna mata kusan miliyan 640 da ke raye yau an aurar da su kafin su cika 18, kuma duk shekara ana ƙara wasu miliyan 12. Kashi ɗaya cikin uku na miliyan 640 ɗin nan a Indiya suke, a can kuma yawancin mutane ba musulmi ba ne, haka a Brazil yarinya sai ta tare gidan namiji ko aure ba a ɗaura ba. Shi ya sa in wani ya ce min addini ne kawai ya kawo abin ba na yarda.

A duniya dai yana raguwa. Shekara goma kafin 2023 kusan mace ɗaya cikin huɗu ake aurarwa kafin ta cika 18, zuwa 2023 ya koma ɗaya cikin biyar, Indiya ma ta sauko daga kashi 47 cikin ɗari a 2006 zuwa 23 a 2021. Amma idonki bai miki ƙarya ba, namu yankin ne ke jan ƙafa, a Nijar kashi 76 ne, mafi yawa a duniya, 28 ma tun kafin su kai 15, Chadi ta haura 60, Mali ta wuce rabi, ga shi jama'armu na ƙaruwa da sauri, ko kason ya ɗan sauka adadin yaran bai sauka ba.

Toh me ke jawo shi? Ni a shekarun da na yi ina aiki da iyaye a karkara ban cika haɗuwa da uban da ke ƙin 'yarsa ba. Ki zauna da shi kan tabarma ki saurara, zai ce miki ta gama firamare, sakandare tana can gari da nisa sai an hau babur kullum, kuɗin babur ɗin babu, ga hanya ba tsaro, to ta zauna gida ta yi me? Sai uwa ta ɗora mata farantin talla dan a tara na kayan ɗaki, samari su fara tare ta a bakin kasuwa, nan da nan maƙwabta sun fara cewa yarinya ta ƙosa, uban ya daina barci dan tsoron abin kunya. Daga nan duk wanda ya fara kawo goro shi ne miji. Kin ga ƙofar makarantar da aka rufe ita ta buɗe ta auren, kuma kusan ko'ina aka duba, 'yar talakan ƙauye wadda ba ta yi karatu ba ita aka fi aurarwa da wuri.

Akwai wani bincike da ya tsaya min a rai, masana tattalin arziki sun gano in aka yi fari a Afirka auren wuri ƙaruwa yake, dan gidan amarya ne ke karɓar dukiyar aure kuma an rage baki ɗaya a kan tukunya, amma a Indiya inda iyayen amarya ne ke biyan ango sai ya ragu, tunda ba abin biya. Ashe rumbu ma na da ta cewa. Yaƙi ma haka, a cikin 'yan gudun hijirar Siriya da ke Jodan auren yara ya tashi daga kashi 12 a 2011 zuwa 32 a 2014.

Doka kam akwai, Najeriya ta sa 18 tun 2003, amma takarda ba ta biyan kuɗin babur. A yankin Amhara na Habasha wani shiri mai suna Berhane Hewan ya raba wa 'yan mata kayan karatu, ya yi wa iyaye alkawarin akuya in sun bar 'yarsu ba aure har shekara biyu, aka kuma riƙa zama da dattawa ana tattaunawa, auren 'yan shekara 10 zuwa 14 ya ragu sosai.

Dan haka Malama ki fara da 'yan aji biyar tun yanzu, ki shiga gidajensu ki sami iyaye mata, ki ja liman da mai gari a jiki a san yadda yaran za su riƙa zuwa sakandare a ƙungiyance. Su kuma huɗun nan dan Allah kar ki yanke zumunci da su, in ciki ya samu ki matsa wa mazajensu su bar su zuwa awo su kuma haihu a asibiti, dan ƙugunsu bai gama buɗewa ba, doguwar naƙuda a gida ita ke kai yaranmu asibitin Babbar Ruga na Katsina da yoyon fitsari.