An ba da belin ƙanena kan miliyan ɗaya: mu sayar da gona?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Yau kwana 19 ƙanena yana gidan yari kan zargin sayen wayar sata. Alƙalin majistare ya ba da belinsa kan naira miliyan 1 da mutum biyu masu tsaya masa, ɗaya dole ya zama ma'aikacin gwamnati mai matakin albashi na 12. Mu ba mu da kowa a gwamnati. Wani mutum a bakin kotu ya ce mu kawo dubu 400, shi zai samo masu tsayawa, ya kuma san yadda zai yi da miliyan ɗin. Mahaifiyarmu ta daina cin abinci, jininta ya hau, ta ce a sayar da gonar gado. Don Allah me za mu yi? Daga wata 'yar'uwa a Kano.

Amsa: Allah Ya fito da shi lafiya, Ya ba Hajiya sauƙi. 'Yar'uwa, kada a taɓa gonar nan, kada kuma a ba mutumin nan ko sisi.

Ba na ƙare mako ban ji wannan maganar ba: wai an yanka mana miliyan ɗaya, ina za mu samo. Wa ya ce ku samo? A mafi yawan lokuta, adadin da alƙali ya ambata ba kuɗin da ake ƙirgawa a miƙa ba ne. Alkawari ne a takarda. Ƙanenki da masu tsaya masa za su sa hannu cewa in ya tsere ya ƙi zuwa kotu, sun yarda a karɓi wannan adadin a hannunsu. In yana zuwa zama ranar da aka sa masa, har a gama shari'a ba wanda zai ciro kwabo. Ko ya tsere ma, sai an kira mai tsayawar an ba shi damar yin bayani kafin a ce ya biya.

Akwai lokacin da kotu ke cewa a ajiye kuɗi a zahiri, sashe na 165 na dokar tarayya ta gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya ba ta dama. Amma sai alƙali ya faɗa da bakinsa an rubuta a umarnin, kuɗin ya shiga hannun rajistarar kotu da rasit, kuma ajiya ce, ana mayar wa mai ita in an gama shari'a. Saboda haka gobe ki je wajen rajistara ki nemi kwafin umarnin belin, a karanta miki. In babu kalmar ajiye kuɗi a ciki, to babu miliyan ɗin da za a biya, balle wani ya “san yadda zai yi da ita”.

Mutumin bakin kotun nan na san irinsa. Yana zaune gindin darbejiya da ambulan mai ruwan ƙasa cike da hotunan fasfo, katin aiki da hoton ya koɗe, da takardar ƙarin girma guda da ta sha fotokwafi har hatimin ya dusashe. Da ya hango tsohuwa ta fito tana share hawaye da bakin mayafi, sai ya taso: “Mama, nawa aka yanka muku?” Jahilcinku ne jarinsa. Ya karɓi kuɗi kan abin da ba a biya, sannan ya kawo muku mai tsayawa ɗan haya. Ranar da aka tura ma'aikacin kotu duba adireshi ya tarar da kango, ko aka rubuta wa ma'aikatar aka ce ba su san mutumin ba, belin ya rushe, yaro ya koma ciki, kuma alƙalin da ya tausaya masa da farko yanzu kallon maƙaryaci yake masa. Na ga gidan da suka sayar da Adaidaita Sahun da suke ci da ita a kan haka, ɗan nasu ya ƙara wata huɗu, dillalin kuwa ya kashe waya. Haka a ofishin 'yan sanda: an manna a bango cewa beli kyauta ne, amma mutane da kansu suke shiga suna tambayar nawa ne.

Kada kuma a ɗauka tsayawa wasa ce don ba a biya nan take. A Nuwamba 2020 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta tura Sanata Ali Ndume gidan yarin Kuje saboda Abdulrasheed Maina, wanda ya tsaya wa kan naira miliyan 500, ya ɓace, sai a Jamhuriyar Nijar aka kamo Mainan. Duk wanda za ku roƙa, ku faɗa masa gaskiyar abin da zai sa wa hannu.

Matsalarku ta ainihi ita ce ma'aikacin gwamnatin nan, kuma tana da magani. Shi dai wannan sashe na 165 ya ce sharuɗɗan beli kada su wuce kima, jihohi ma sun ɗauki dokar, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Sashe na 36 na kundin tsarin mulki yana ɗaukar ƙanenki a matsayin marar laifi har sai an tabbatar. Beli don a tabbatar zai dawo ne kawai, don haka a duba nauyin zargin, da inda yake zaune, da abin da danginsa za su iya. Sharaɗin da aka san talaka ba zai iya cikawa ba, hana beli ne aka yi masa kwalliya. A 2019 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta cire sharaɗin kawo manyan ma'aikatan gwamnati a belin Kanar Sambo Dasuki. In an cire wa tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ina ga wanda ake zargi kan wayar hannu? Amma har yau wasu kotunan suna rera shi kamar karatun allo, su kuma ma'aikatan suna gudu don tsoron aikinsu.

Lauya zai shigar da buƙatar sassauta sharuɗɗa, da takardar rantsuwa mai nuna kwanakin da ya yi da ƙoƙarin da kuka yi kuka kasa, ya ba da madadi: kawu mai shago a kasuwa, mai unguwa, ko limamin masallacinku. Ke ma kina iya tsayawa. Dokar 2015 ta hana a ƙi mutum don kawai mace ce. In majistare ya ƙi, Babbar Kotu na da ikon sake duba sharuɗɗan. In ba kuɗin lauya, ki je ofishin Legal Aid, kyauta suke yi wa marasa ƙarfi. Ki tafi da lambar shari'ar, kwafin umarnin, da katin shaidar waɗanda suka yarda su tsaya.