Lissafi ya ce aikin zai isa kan lokaci, na'ura ta ƙi

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi. Ina haɗa na'urar da za ta kula da famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana, a kan furosesa Cortex-M7. Na auna lokacin kowane aiki shi kaɗai, lissafi ya nuna duk za su kammala cikin wa'adi. Da na haɗa su, sai ɗaya ya riƙa makara. Ina na yi kuskure?

Amsa: Ƙanena, awonka daidai ne, sai dai ka auna aikin ne lokacin da ba mai damunsa. Abin da ya ɓace maka yana cikin kash, wato ƙaramar ma'ajiya mai sauri da ke jikin furosesa.

Ka taɓa zama wajen tela a babbar kasuwa ana gobe Sallah? Ya shimfiɗa shadda, zare da almakashi duk a gabansa. Sai ga wani da ɗinkin gaggawa. Dole ya kwashe teburin, ya gama da wancan, sannan ya sake jero kayan farko ɗaya bayan ɗaya. Wannan jerawar ita ma lokaci ce. Haka aiki mai fifiko yake yi idan ya katse na ƙasa da shi: yana korar layukan na ƙasan daga kash, wato guntayen bayanan da ya ajiye a ciki, idan na ƙasan ya dawo sai ya sake ɗauko su daga babbar ma'ajiya. Masana suna kiran wannan jinkiri CRPD. Tsarin lissafin wa'adin ayyuka na Liu da Layland na 1973, wanda ake fara koyarwa, ya ɗauka katsewa ba ta cin komai.

Ga misali. Aikin gaggawa yana zuwa kowane milisakan 1, yana cin 0.3. Babban aikin yana buƙatar 2, wa'adinsa 3. Katsewa uku, ya gama a 2.9, lafiya lau. To a ce kowace katsewa tana korar layi 100, kowane layi rabin maikurosakan kafin ya dawo. Ƙarin milisakan 0.05 ke nan sau uku, ya zama 3.05. Kuma da ya haura 3, aikin gaggawa ya sake shigowa karo na huɗu, sai 3.4. Wannan tsallen ne nake so ka riƙe, don shi ke ruɗin mutane.

Wajen ƙiyasta ƙarin, Busquets-Mataix da abokansa a 1996 sun ƙirga duk layukan da mai katsewa zai iya kora. Lee da abokansa a 1998 suka ƙirga layukan da wanda aka katse zai sake buƙata. Inda biyun suka haɗu, nan ne asarar take. Ka ɗora ta a kan kowace katsewa, ba sau ɗaya ba.

Amma a aikinka, ni da zan bi hanya mafi sauƙi. Cortex-M7 yana da ma'ajiyar TCM da ba ta bi ta kash. Zuba aikin gaggawa da ke sarrafa famfon a can, shi da bayanansa, don kada ya kori kowa. Sauran kuma ka sake auna su bayan ka share kash ɗin, kana katse su da gangan, ka ɗauki lokaci mafi tsawo da ka gani, ka bar rara a kai.