Shugaba ko jagora: me za a rubuta a ƙofar biro?

Wani malami daga unguwar Birni a Damagaram ya aiko da tambaya. An ba shi sashen kwamfuta a wata ma'aikatar ilimi ta jiha, inda ake tara sunayen ɗalibai da sakamakon BEPC, wato jarrabawar kammala kwaleji. Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, yana son allon ƙofarsa ya kasance da Hausa. To, shugaba zai sa ko jagora?

Malam, Allah ya taya ka riƙo. Kalmomin ba ɗaya ba ne. Shugaba shi ne mai faɗa a ji, mai sa hannu a takarda. Jagora kuwa daga "ja" da "gora" ta fito, wato sandar gora. Dubi yaron da ke zagawa da makaho a kasuwar Dole: ya riƙe bakin sanda, makahon ya riƙe ɗaya bakin. Yaron ke ganin rami, amma makahon ke faɗin gidan da za su. In yaron ya yi sauri, sanda ta kuɓuce, tafiya ta ƙare.

A ganina aikinka ke nan. Darakta da sufetoci su ke yanke abin da makarantu ke buƙata, kai ka san hanyar da na'ura za ta bi. In mushe, wato malamin makaranta, ya taso daga Mirya ko Magarya da jerin ɗalibansa a rubuce da hannu, bai taɓa dafa kwamfuta ba, dole ka yi tafiya daidai takunsa. Sai dai fa, jagora ba sunan muƙami ba ne a takardar gwamnati. Rubuta "Shugaban Sashen Kwamfuta" a ƙofa, ka bar mutane su kira ka jagora in ka cancanta.

Ka kuma tambaya ko goran nan ne na karin maganar "ba a fafe gora ranar tafiya". A'a. Rubutu ɗaya ne, murya daban. Gorar sanda tamace ce, murya na hawa sannan ta sauka. Goran ruwa namiji ne, ɗan duma, murya na farawa ƙasa. Shi ake fafewa, a ƙwaƙule cikinsa, a jiƙa har ɗacin ya fita, abin da ke cin kwanaki. Don haka maganar ta dace da wanda bai ajiye kwafin sunaye a wani wuri ba sai ranar da kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ana gobe jarrabawa.

Batun tambayarka kan sunan na'urar kuwa, ordinatar ko kwamfuta, duka aro ne, ɗaya daga Faransanci, ɗaya daga Ingilishi. A baki faɗi wadda ka saba. A allo na zaɓi kwamfuta, don baƙo daga Kano ko Daura ma zai gane.