Rafute na Okinawa da naman sa, ba tare da giya ba

Kin ce kina son girka rafute, dafaffen naman nan na tsibirin Okinawa a Japan, amma ba kya cin alade kuma ba kya sa giya a girki.

Na asali da naman cikin alade mai fata ake yin sa, da giyar awamori, da baƙin sukarin rake. Da naman sa ɗanɗanon zai bambanta, amma laushin yana samuwa. Ki sayi ƙirjin sa mai kitse, kilo 1. Tsoka zalla bushewa take yi.

Ki tafasa shi da citta na awa 1, ki zubar da ruwan, ki wanke naman, ki yanka manya-manya, kamar santimita 5. Sai ki mayar tukunya da romon busasshen kifi kofi 3 da mazarƙwaila giram 80, don ita ta fi kusa da sukarinsu. Bayan minti 30 ki zuba soya sos (baƙin ruwan ɗanɗano mai gishiri da ake yi da waken soya) cokali 3, wasu 3 kuma sai can wajen ƙarshe. In kika juye duka tun farko, gishirin zai ƙanƙame naman, zaƙin ba zai ratsa ba.

Wuta ƙasa-ƙasa, awa 2 zuwa 3, har cokali ya raba shi. Wuta mai ƙarfi ƙona sukarin take yi ya yi ɗaci. In ya kwana a firji, ki kwashe kitsen da ya daskare.

Wasu soya sos na ɗauke da ɗan burbushin giya, ki karanta jikin kwalba ko ki tambayi malami. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya fara tuntuɓar likita.